Shafin cikin gida na kamfani ma yana ƙarƙashin doka

Kamfanoni da yawa a Najeriya suna da shafin intanet na cikin gida wanda ma'aikata kaɗai ke shiga da lambar sirri. Nan ake zuba ƙa'idojin aiki, jadawalin hutu, takardun albashi, har da hoton katin shaidar kowa. Masu kula da shi kan ɗauka cewa tunda bare ba ya leƙawa, doka ba ta da ruwa da abin da ke ciki, alhali tana da ruwa da tsaki.

Dokar kare bayanan mutane, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ita ta kafa NDPC, hukumar da ke sa ido kan kare bayanan mutane, kuma ba ta ce abokin ciniki kaɗai take karewa ba. Ma'aikaci ma mutum ne. Sunansa, lambar wayarsa, NIN, BVN da asusun bankinsa duk bayanai ne da kamfani ke riƙe da su bisa amana.

A ce direban kamfani ya kawo takardar asibiti don a ba shi hutun jinya. Akawu ya ɗauki hotonta ya jefa cikin fayil ɗin da kowa ke buɗewa, daga manaja har ɗalibin da ya zo koyon aiki na wata uku. Kafin la'asar, ofis duka ya san ciwon da ke damun bawan Allah. Dokar ta sa bayanin lafiya cikin rukunin da ke buƙatar kariya ta musamman, tare da addini, ƙabila, ra'ayin siyasa da hoton yatsa. Saboda haka aikin farko na mai tsara shafin shi ne raba ɗakuna: ƙa'idojin aiki a falo, kowa ya gani, takardun mutane a ƙuryar ɗaki, makulli a hannun wanda aikinsa ya buƙata. Wanda ya bar aiki kuwa, a rufe masa ƙofa ranar da ya tafi, ba sai an tuna ba.

Sai shara, wadda a ganina ita aka fi sakaci da ita. Dokar ta hana riƙe bayani fiye da lokacin da ake buƙatarsa. Takardun haraji da fansho suna da hujjar zama, amma tulin takardun masu neman aikin da ba a ɗauka ba shekara biyar da suka wuce, me suke jira?

In kuma aka yi kutse ko takardu suka fita ta yadda masu su za su iya cutuwa, kamfani na da awa 72 daga lokacin da ya sani ya sanar da NDPC. Tarar manyan masu riƙe da bayanai na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran, miliyan 2 ne ko wannan kason.