SNR: awon da ke bayyana dalilin da waya ke kasa jin magana a Kejetia

Manhajojin da ke mayar da magana rubutu sun shiga hannun kowa yanzu. Ka danna alamar makirufo, ka yi magana, kalmomi su fito a allon waya. A cikin ɗaki abin yakan yi kyau ba laifi. Amma mai shago a Kejetia, babbar kasuwar Kumasi a Ghana, ko mai jiran trotro (motar haya) a unguwar Asawase, ya san da zarar ya gwada a can sai wayar ta rubuto masa abin da bai taɓa faɗa ba. Injiniyoyin sauti suna da awo guda da suke fara dubawa idan haka ta faru, suna taƙaita sunansa na Turanci, signal-to-noise ratio, da SNR. Shi ne yawan rinjayen da muryar mai magana ta yi wa hayaniyar da ke kewaye da ita, a daidai bakin makirufo.

Da desibel, ma'aunin ƙarfin sauti, ake auna shi. Idan SNR ya tsaya a 0, murya da hayaniya sun yi kunnen doki. A desibel 10 murya ta ninka hayaniya sau 10 a ƙarfi, a desibel 20 kuwa sau 100. Da awon ya yi ƙasa, ƙananan sautuka ne ke fara nutsewa, irin su "s" da "f", domin ba su da kaurin wasula. Shi ya sa mutum zai ce fata ta yi tsada, wayar ta rubuta sata.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, tazara ta fi kowace manhaja tasiri a nan. A fili, duk lokacin da tazarar baki da makirufo ta ninka, murya tana raguwa da kusan desibel 6, alhali hayaniyar kasuwa tana nan yadda take. Wanda ya janye wayarsa daga santimita 10 zuwa 40 ya zubar da desibel 12 ke nan a banza. A ganina, kafin a zagi waya, a fara duba inda aka riƙe ta.

Sai dai ba kowace hayaniya ce ɗaya ba, ko da awonsu ya zo daidai. Ƙarar janareta ko fanka ba ta cika sauyawa ba, don haka na'ura takan saurare ta a lokacin da mai magana ya ɗan yi shiru, ta gane kamanninta, ta cire ta. Dabarar tsohuwa ce, Steven Boll ya wallafa ta tun 1979. Hon ɗin pragya (keke mai ƙafa uku) ko bugun guduma a garejojin Suame Magazine sun fi wuya, don ba sa sallama kafin su shigo. Uwa uba muryoyin wasu mutane. Mai tallar da ke gefenka da mai wa'azi a lasifika duk magana suke yi, ita kuma na'urar, magana aka ce ta nema, to ta wa za ta ɗauka? Kunnen ɗan Adam yana iya tsinto murya ɗaya a tsakiyar taron biki, abin da Colin Cherry ya yi nazari a kai a 1953, amma har yau na'ura ba ta kamo ƙafarsa ba. Taimakon da wayoyi ke samu shi ne makirufo biyu ko uku da aka sa musu: suna kwatanta lokacin da sauti ya iso kowanne, su fifita ɓangaren da bakinka yake.

Akwai kuma tarko. Sautin da aka tace sosai yakan yi wa kunne daɗi amma ya rikita na'ura, domin tacewar takan kwashe wani yanki na maganar tare da hayaniyar. Saboda haka masu gina manhajojin yanzu sun fi karkata ga sabar wa na'ura da hayaniya tun wurin horarwa: a ɗauko murya tsaftatacciya, a cakuɗa ta da ƙarar titi ko ta kasuwa, a ce ta koya a haka. Wannan ma bai rufe ƙofa ba. Wani likita Bafaranshe, Étienne Lombard, ya bayyana a 1911 cewa mutum a cikin hayaniya yana ɗaga murya ba tare da ya yi niyya ba, kuma binciken baya ya nuna har wasula yakan ja. Muryar da aka naɗa a ɗaki aka zuba mata ƙara daga baya ba ita ce muryar mai ciniki a tsakiyar Kejetia ba.

Mu masu Hausa kuma muna da ƙarin kaya. Idan hayaniya ta haɗiye rabin kalma, na'ura da sanin harshe take cike gurbin, kuma saninta da Hausa bai taka kara ya karya ba. Whisper, tsarin mayar da magana rubutu da kamfanin OpenAI ya fitar a 2022, an horar da shi da sa'o'i 680,000 na sauti, kusan kashi biyu bisa uku na Turanci ne. Hausa tana ciki, amma rabonta kaɗan ne ƙwarai. Ɗan abin da ake samu ma ya fi kama da Hausar Kano da ta gidajen rediyo, ba ta unguwannin zangon Kumasi irin su Aboabo ko Sawaba ba, inda jimla ɗaya takan ɗauko Hausa da Twi da Turanci. Shirin Common Voice na Mozilla, wanda ya fara a 2017, yana karɓar muryoyin masu sa kai da Hausa, kuma ɗan zango ma zai iya karanta jimloli da wayarsa ya tura. Sai dai wannan karatu ne, ba hira ba. Naɗin maganar zango ta yau da kullum, a inda ake yin ta da hayaniyarta, kuma da yardar masu ita, shi ne abin da ya fi ƙaranci.