Shaf ya tafi: me bakanike yake nufi da wannan magana?

In motarka tana rawa duk sanda ka taka totur, ka kai ta wajen makanikan Apo a Abuja, da wuya ka fito ba ka ji ɗaya daga cikin biyun nan ba, ko a ce maka "oga balansin ne" ko a ce "shaf ya tafi". Balansin, wato daidaita nauyin taya, kowa ya san shi, shaf ɗin ne mutane da yawa suke biyan kuɗinsa ba su san ma me aka canza musu ba.

Shaf wani ƙarfe ne dogo da yake ɗauko ƙarfi daga giyabos ya kai wa taya. Motocin da tayar gaba ke jan su, irin su Corolla da Camry da Accord da Golf ɗin nan na 'yan tasi, guda biyu gare su, ɗaya hagu ɗaya dama, kuma galibi tsawonsu ba ɗaya ba ne don giyabos ɗin ba a tsakiya yake zaune ba. Kowane shaf yana da gaɓa biyu. Ta waje tana jikin taya, ita ke ba wa taya damar juyawa tana kuma karya kwana. Ta ciki tana jikin giyabos, yawanci wasu rola ne guda 3 a cikin wani kofi na ƙarfe, suna shiga suna fita duk sanda mota ta faɗa rami ko ta hau bam. Kowace gaɓa an cika ta da baƙin giris an rufe da roba mai ninki-ninki, wadda makanikai ke ce wa but roba.

To daga robar nan matsalar take farawa. Da ta tsage shikenan, shaf yana juyawa yana watsar da giris ɗin, ƙura da yashi suna shiga, damina ta zo ruwa ya ƙara nasa, in kana bin hanyoyin cikin Lugbe ko Mararaba kullum ai ba sai an faɗa maka ba. Sannu a hankali rola ɗin su ci jikin kofin su yi masa kwarmi. Mota tana tafiya a sake ba za ka ji komai ba, amma da ka taka totur ƙarfin inji ya danna rolar cikin kwarmin, sai shaf ya daina juyawa a saiti, sai ka ji rawar tana tasowa daga ƙasa, a kujera da wajen ƙafarka, wani lokacin gaban motar ya riƙa kaɗawa hagu da dama.

Gwajin ba ya buƙatar kwamfuta. Hau titin Kubwa lokacin da babu cunkoso, kai kamar 60 zuwa 80, taka totur sosai ka ji rawar, sannan ka ɗage ƙafa ka bar motar ta gangara da kanta. In rawar ta ɗauke nan take, ka sake takawa ta dawo, to gaɓar ciki ce abin zargi na farko. Hawa ma yana tona ta, hawan Kugbo in kana dawowa daga Nyanya, ko Hawan Kibo in za ka Jos da mota cike da mutane da kaya, nan ne za ka ji ta sosai.

Balansin ba haka yake ba. Shi babu ruwansa da ƙafarka, gudu kawai ya sani, da ka kai wajen 80 zuwa 100 sitiyari zai fara karkarwa a hannunka ko ka taka ko ka ɗage. Shi ya sa nake jin haushi in na ga an sa mutum ya yi balansin, ya yi alaimen, har ya sayi sababbin tayoyi, alhali ko sau ɗaya ba a fita da motar an gwada ba. Bakaniken da bai shiga ya tuƙa ba ya yanke hukunci, wallahi canki-canka yake yi da kuɗinka.

Sauran masu kama da shi kuwa, injin sit, wato robar da inji ke zaune a kai, in ya mutu za ka ji rawar ne a tsaye, kana kan D ka taka burki a danja, musamman in AC na kunne, kuma mota ta yi "gum" in ka sa giya. Fulogi ko koyil in sun lalace inji ne ke tsinkewa, ƙarfi ya ragu, wutar cek inji ta riƙa ƙiftawa, in an sa kwamfuta ta nuna lambar matsala P0300 ko P0301 da 'yan uwansu. Rawa lokacin taka burki kana cikin gudu dis ne, wato faifan burki. "Ƙas-ƙas-ƙas" in ka karya kwana kuma shaf ne amma gaɓar waje. Masu Hilux da Hiace ku naku furofela ne, dogon ƙarfen da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya, a duba kuros, wato gaɓarsa, da beyarin na tsakiya da ke riƙe shi.

A gareji ka ce a ɗaga motar ka leƙa da idonka. In roba ta fashe za ka ga baƙin giris ya fantsama a jikin giyabos da ƙarafan da ke kusa, ƙura ta manne a kai ta yi dabbare-dabbare. Sai dai roba tana iya zama lafiya lau gaɓar ta cinye don tsufa, sai a kama shaf ɗin kusa da giyabos a girgiza sama da ƙasa a ji ko yana lilo fiye da kima.

In an gano da wuri kafin rawa ta fara, wankewa za a yi a sa sabon giris da sabuwar roba, aikin bai da tsada. Amma in rawa ta riga ta fara, cusa giris ɓata lokaci ne, zai lafa na ɗan kwanaki ya dawo, kwarmin da ƙarfe ya yi giris ba ya cike shi. Canji ne kawai, ko gaɓar ciki ko shaf ɗin gaba ɗaya. Ni dai na fi yarda da ɗan Beljiyam mai kyau a kan sabon da ba a san asalinsa ba, amma a tafi da tsohon a gwada tsawo da haƙora, har da na na'urar burki ta ABS in yana da su. Kuma in an zare shaf man giya yakan zuba, ka tsaya a gabanka a duba sil ɗin, wato robar da ke hana man zuba, a cika man kafin ka tada mota.