Farantin injin yankan itace

Farantin injin yankan itace shi ne dogon ƙarfen nan mai faɗi da ke fitowa daga gaban inji, wanda sarƙa mai haƙora take zagayawa a gefensa. Shi kansa ba ya yanka komai. Aikinsa riƙe sarƙa a kan layi, da kai mata mai, da ɗaukar nauyin da mai aiki yake dannawa. In ban da sarƙa da gargaren da ke janta, wato ƙaramar ƙafar ƙarfe mai haƙora da ke cikin inji, babu abin da ke saurin cinyewa a jikin inji kamarsa, shi ya sa masu yankan itace a ƙauyukan Kano da Jigawa ba sa rabuwa da cinikinsa. Injin da kansa ya samo asali ne daga Turai: Andreas Stihl ya kafa kamfaninsa a Jamus a 1926, Husqvarna na Suwidin ya fara ƙera nasa a 1959, ita kuwa sarƙar da aka saba gani yau, Joseph Cox ne ya fito da ita a Amurka, ya kafa kamfanin da ya zama Oregon a 1947.

Ƙirarsa

Akwai kwarmi da ya zagaye gefen faranti gaba ɗaya. A cikinsa ƙafafun sarƙa, wato 'yan ƙarafan da ke tsirowa a ƙasanta, suke gudu, jikin sarƙar kuma yana zaune a kan leɓɓan kwarmin biyu. A gindin faranti akwai doguwar tsaga inda notuna ke shiga, da hujin da ƙusar ɗame sarƙa ke kamawa, da wani ɗan ƙaramin huji da mai ke bi ya shiga kwarmi.

Ƙira iri biyu ce. Akwai wanda aka haɗa fallayen ƙarfe uku aka ɗinke su da ɗigon walda. Ba shi da nauyi, kuma ya fi araha, amma in itace ya matse shi da ƙarfi yakan lanƙwashe ko ya buɗe. Akwai kuma wanda aka yanko daga ƙarfe guda, aka sassaƙe kwarmin a jikinsa. Wannan ya fi nauyi da tsada, ya kuma fi jure wahala. Bakin faranti ma kashi biyu ne: mai gargare, wato ƙaramar ƙafa mai haƙora da ke juyawa a kan boris tana ɗaukar sarƙa, da kuma busasshen baki, wanda ba shi da komai mai juyawa, sai wani ƙarfe mai tsananin tauri da aka narka a kansa. Stihl na kiran nasa mai gargare Rollomatic, busasshen bakin kuma Duromatic.

Awon da dole ya dace

Kafin a zo maganar kyau ko araha, sai faranti ya dace da inji da sarƙa. Yawancin asarar da ake yi a nan take faruwa: mutum ya taso daga Ringim ko Sumaila ya shiga Sabon Gari, ya ce a ba shi "mai inci ashirin", ya koma gida sannan ya ga noti bai shiga ba. Tsawo kaɗai ba ya isa.

Na farko shi ne tazarar sarƙa. Ana auna nisan da ke tsakanin ƙusoshin sarƙa uku a jere, a raba biyu. Waɗanda aka fi samu su ne inci 0.325 da 3/8 da 0.404. Gargaren bakin faranti da gargaren cikin inji da sarƙar, duk ukun sai tazararsu ta zama ɗaya. Busasshen baki ne kaɗai bai damu da wannan ba, tunda ba shi da haƙora.

Na biyu faɗin kwarmi, wanda dole ya yi daidai da kaurin ƙafar sarƙa: milimita 1.1 ko 1.3 ko 1.5 ko 1.6. Bambancin 1.5 da 1.6 ido ba ya ganinsa, amma aiki yana nuna shi. Sarƙa mai 1.6 ba za ta yi gudu a kwarmin 1.5 ba. Mai 1.5 kuwa za ta shiga kwarmin 1.6 salin-alin, daga nan ta riƙa kwanciya gefe, yanka ya karkace, leɓe ɗaya ya cinye ya bar ɗan'uwansa. Manyan injunan Stihl irin su MS 381 da 070 sun fi tafiya da 1.6, Husqvarna irin su 272 da 365 da 1.5, haka ma ƙananan injunan Caina masu cc 52 da 58 (cc shi ne awon girman inji) da suka cika kasuwa.

Sai gindin faranti. Kowane kamfani da irin tsagarsa: matsakaitan injunan Stihl suna da tsaga mai kusan milimita 12, ta 070 ta fi haka faɗi, ta manyan Husqvarna milimita 9. Ko da notuna sun shiga, in hujin mai bai zo daidai da bakin famfon mai ba, farantin zai yi aiki a bushe ya ƙone. Daga ƙarshe akwai yawan ƙafafun sarƙa. Faranti mai inci 20 na Stihl mai tazarar 3/8 yana ɗaukar ƙafa 72, na ƙaramin injin Caina mai inci 20 da tazarar 0.325 kuwa 76. Duk waɗannan lambobi ana buga su a gindin faranti na kirki. Hanya mafi sauƙi ita ce a tafi kasuwa da tsohon farantin da tsohuwar sarƙar a buhu, a ɗora sabo a kan tsoho a gani da ido.

Tsawo

Mutane na son dogon faranti, wai ya fi kwarjini kuma ba a sunkuyo. Amma kowane ƙarin inci ƙarin haƙora ne da inji zai ja a cikin itace, da ƙarin wurin da mai zai kai. Ƙaramin inji mai cc 52 da aka ɗaura wa inci 22 zai yi ta gurnani a cikin busasshiyar kirya ko marke, kulocinsa ya yi zafi, fetur ya tafi a banza. Da inci 16 ko 18 aka sa masa, da ya gama ya huta. Inji mai wajen cc 70 yana jin daɗin inci 20 zuwa 25. Inci 36 na manya ne irin 070, mai cc sama da 100, wanda masu tsaga katako suka fi riƙewa. Galibin aikin wannan yanki kuwa darbejiya ce da turare da mangwaro da rassan gawo, kuma faranti na iya kayar da bishiyar da kaurinta ya kusan ninka tsawonsa in an yanko ta ɓangare biyu. Saboda haka gajeren faranti ya wadatar da mai itacen girki, ya fi araha, sarƙarsa ma ta fi araha da saurin wasawa.

Yashi, ƙura da gara

Abin da ke kashe faranti a arewacin Kano da Jigawa ba taurin itace ba ne, yashi ne. Iskar hunturu tana cusa ƙura a ɓawon bishiya, gara tana hawa da ƙasa har saman kututture, gungumen da aka ja a ƙasar jigawa kuma yakan zo da rairayi manne a jikinsa. Da yashin nan ya haɗu da mai a cikin kwarmi sai ya zama kamar magagari, yana cin leɓɓa yana cin boris. A irin wannan aiki, wato tumɓuke kututture da yankan busasshen itacen gawayi da giginyar azara, busasshen baki ya fi daɗewa, don ba shi da boris ɗin da zai mutu. Sai dai yana cin ƙarfin inji, yana ɗaukar zafi, kuma ana barin sarƙarsa da ɗan sassauci fiye da ta mai gargare. Wanda aikinsa ɗanyen itace ne a tsaye, mai gargare ya fi masa sauri da sauƙin fetur. A cikin masu gargaren ma, wanda ake iya cire bakin a sa sabo ya fi riba in dai ana samun bakin a kasuwa. In ba a samu, kuɗin da aka ƙara a kansa ya tafi a banza.

Na asali da jabu

Bayan Stihl da Husqvarna da Oregon, akwai Tsumura da Sugihara na Japan da GB na Ostireliya, duk sanannu ne a harkar. Kayan Caina hawa-hawa ne. Akwai mai ɗauke da sunan kamfaninsa na gaskiya, wanda yakan yi wa mai ƙaramin aiki hidima daidai kuɗinsa, akwai kuma wanda aka buga wa tambarin babban kamfani alhali ba nasa ba ne. Na farkon ya fi na biyun mutunci, domin mai saye ya san abin da ya saya. Jabu kuwa kuɗin suna ake biya a karɓi ƙarfe mai laushi.

Ana gane ƙarfen da magagari: in an ɗan goga a leɓen faranti mai kyau, magagarin yakan zame don an gasa leɓen ya yi tauri, a na banza kuwa sai ya kama ya ci. A ɗaga farantin a leƙa tsawonsa a ga ko ya miƙe. A juya gargaren baki da yatsa, ya juya sumul ba tare da karkarwa gefe ba. A saka sarƙa a kwarmi a ja ta zagaye, kada ta cije a ko'ina. Rubutun awo da aka buga a cikin ƙarfe ya fi wanda aka shafa da fenti abin yarda.

Na hannu ma ana samun na kirki, amma zurfin kwarmi ne ke yanke hukunci. A ƙa'idar Stihl kada ya gaza milimita 6 ga sarƙar 3/8 da 0.325, ko 7 ga ta 0.404, in ya gaza, ƙafafun sarƙa suna dukan ƙasan kwarmi ke nan. Shuɗin launi a gefe alamar ƙonewa ce, wurin ya rasa taurinsa. Tsagewa kusa da notuna kuwa ba ta da magani.

Kulawa

Masu ƙera injin suna lissafin cewa faranti ɗaya ya kamata ya ga bayan sarƙa huɗu da gargaren inji biyu. Abin da ke hana a kai haka sananne ne: dakusasshiyar sarƙa da ake dannawa da ƙarfi, da baƙin man da aka juye daga mota ake zubawa a tankin man sarƙa. Wannan na biyun ya zama ruwan dare saboda araha, amma yana ɗauke da garin ƙarfe da toka, yana toshe famfo, kuma ba ya manne wa sarƙa. Sabon man inji mafi araha ya fi shi. Ana juya faranti, sama ya koma ƙasa, duk lokacin da aka canza sarƙa ko aka yi mata babban wasi, don leɓɓan su cinye tare. Ana yashe kwarmi da hujin mai bayan aikin yini, a goge kaifin da ke tasowa a gefen leɓe da shimfiɗaɗɗen magagari. In aka tayar da inji aka nufi bakinsa ga wani kututture mai haske, ya kamata a ga feshin mai. In ba a gani ba, a kashe a duba.

Sashen sama na bakin faranti shi ne mafi haɗari. In ya taɓa reshe ko ƙusa sarƙa na gudu, injin yakan yi tsalle baya zuwa fuskar mai riƙe da shi, kuma tsohuwar ƙira irin 070 ba ta da birkin sarƙa. Faranti mai siririn baki ya fi mai faffaɗan baki rage wannan, sarƙar da ta yi sako-sako a kwarmin da ya buɗe kuma tana ƙara shi. Kanikawa kan bubbuga leɓɓan da suka buɗe su matse su, su daidaita tsayinsu a dutsen wasi, kuma hakan na yi wa farantin ƙarfe guda aiki sau ɗaya ko biyu. Na fallaye uku da waldarsa ta fara saki, ko wanda ya murɗe, ba a gyara shi, sai a canza.