Amsoshi kan na'urar yankan ado ta gida

Tun da na fara koya wa mata aiki da na'urorin yanka irin su Cricut da Silhouette Cameo, tambayoyi iri ɗaya nake ta amsawa, saboda haka na tattara su a nan.

Shin na'urar tana buga hoto?

Ba ta bugawa. Yanka take yi da 'yar ƙaramar wuƙa, bisa zanen da aka tura mata daga waya ko kwamfuta.

Me ya sa rubutun da na manna a riga ya fito a juye?

Domin ba ku juya zanen a manhaja kafin yanka ba. Ledar da ake mannawa da zafi ta bayanta ake yanka ta, gefen mai sheƙi yana kallon ƙasa. Na sha faɗin wannan, amma har yanzu ana asarar leda saboda gaggawa.

Me zan fara yi da ita?

Ku fara da sunayen amarya da ango a kan kofuna da jakunkunan rabo na biki, ko katin gayyatar walima, ko lambar bayan rigar ƙwallo. Ku bar zanen lalle mai ƙananan furanni sai hannunku ya faɗa, domin cire rarar ledar da ke tsakanin furannin yana cin lokaci da haƙuri.

Zan iya amfani da dutsen guga maimakon injin manna leda?

Yana yiwuwa, amma da sharuɗɗa. Yawancin ledojin suna buƙatar zafi kusan digiri 150 a ma'aunin Salsiyos na daƙiƙa 15 zuwa 30, gwargwadon kamfanin da ya yi su, kuma dutsen guga ba ya nuna ainihin zafinsa. Idan rigar auduga ce kuma rubutun ƙarami ne, ku kashe tururi, ku shimfiɗa rigar a kan tebur mai ƙarfi, ku rufe ledar da siririn ƙyalle, sannan ku danna da nauyin jikinku ba tare da gogawa ba. Idan yadin mai roba-roba ne, zai iya ƙonewa ko ya yi tabo mai sheƙi, don haka ku gwada a wani ƙyalle tukuna. Dutsen gawayi kuwa ba na ba da shawararsa, domin zafinsa yana hawa yana sauka. Ko da komai ya yi kyau, watakila gefen haruffa ya ɗago bayan 'yan wanki, kuma wannan ba laifinku ba ne. Amma idan sayarwa za ku yi, ku tara kuɗi ku sayi injin. Kada a wanke rigar sai bayan awa 24, kuma a juya cikinta waje.

Faifan yankana ya daina kama takarda, sai na sayi wani?

Ku kwantar da hankalinku, yawanci ƙura ce ke rufe gam ɗin faifan (wato shimfiɗar da ake manna takarda ko leda a kanta kafin yanka), musamman da hunturu. Ku wanke shi a hankali da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ku bar shi ya sha iska har ya bushe, kuma ku daina jefar da ledar da ya zo a rufe da ita, domin ita ce ke kare gam ɗin.