Kallon namun daji ba sai an je Kenya ba

Da yawanmu mun ɗauka yawon kallon namun daji na Turawa ne da masu kuɗin jirgi zuwa Kenya ko Tanzaniya. Talabijin ne ya dasa mana wannan, alhali Yankari na nan a jihar Bauchi, an keɓe dajin tun 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962.

Akwai giwaye da ɓauna da gwanki da dorina. Gwaggon biri kuwa har ƙofar masauki yake zuwa, in ka yi sake ya wafce abin da ke hannunka. Ga maɓuɓɓugar Wikki, ruwa garau mai ɗumi, kana ganin yashin ƙasansa.

Masu cewa sun je ba su ga komai ba, galibi da damina suka je, lokacin da ciyawa ta rufe ko'ina. Da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, ƙishirwa ke tattaro dabbobi bakin kogin Gaji, musamman da sassafe.

A Nijar ma, yankin Kure kusa da Yamai ne babban mazaunin ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma, suna kiwo kusa da gonakin mutane.