Taura biyu ba ta taunuwa: illar haɗa ayyuka ga ma'aikaci

A wuraren aiki da yawa, wanda ake yabo shi ne mai waya a kunne, hannu a kan kwamfuta, ido a kan saƙon WhatsApp, yana kuma gyaɗa kai ga wanda ke tsaye a gabansa. Mai ƙwazo ake ce masa. Mu ma'aikatan lafiya kuwa, ƙarshen wannan ƙwazon muke gani: ciwon kai da yamma, wuya da kafaɗu a sanƙare, saurin fushi, da barcin da ba ya zuwa sai dare ya raba.

Mutum na iya tafiya yana hira, domin tafiya ta zame masa jiki. Amma rubuta rahoto da sauraron bayani a taro, kowannensu hankali yake nema, ƙwaƙwalwa kuma ba ta iya ba su tare. Sai dai ta riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan, da saurin da har mutum zai zaci tare yake yin su. Kowane tsalle da asararsa. A 2001, Joshua Rubinstein da David Meyer da Jeffrey Evans suka gwada haka a Amurka, suka ga cewa duk sauyawa daga aiki zuwa aiki tana cin lokaci, kuma gwargwadon wuyar aikin, gwargwadon lokacin da ke salwanta. A 2009 Sophie Leroy ta nuna cewa wani yanki na hankali yakan maƙale a aikin da aka baro, musamman idan ba a kammala shi ba. Shi ya sa bayan kun amsa waya kukan zuba wa takarda ido kuna tambayar kanku, ina ma na tsaya?

Da a ɓata lokaci abin ya tsaya, da da sauƙi. A wani bincike da Johanna Westbrook ta jagoranta a asibitoci biyu a Sydney ta Ostireliya, wanda aka wallafa a 2010, an bi ma'aikatan jinya 98 ana lura da su yayin da suka ba da magani sama da sau 4,000. Duk katsewa ɗaya da aka yi wa ma'aikacin jinya tana tafe da ƙarin kuskure na sama da kashi 12 cikin 100. Waɗannan fa ƙwararru ne, masu horo, sun san rai ne a hannunsu. Ba sakaci ba ne, hankalinsu aka raba. Masu harkar jiragen sama sun riga kowa ɗaukar darasi: tun 1981 doka a Amurka ta hana matuƙa jirgi duk wata hira da ba ta shafi tuƙi ba a lokacin tashi da sauka, matuƙar jirgi na ƙasa da ƙafa 10,000. Akawu mai haɗa lissafin albashi ba jirgi yake tuƙawa ba, amma ƙwaƙwalwarsa irin ta matuƙin ce, kuma sifili ɗaya da ya tsallake na iya jawo masa takardar tuhuma.

Na san wani zai ce, ai ni na saba. A Jami'ar Utah an gwada mutum 200 a na'urar koyon tuƙi, suna tuƙi suna amsa tambayoyi ta waya. Biyar kacal aka samu da aikinsu bai lalace ba. A Jami'ar Stanford kuma, a 2009, an gano cewa waɗanda suka fi yawan haɗa kafofin sadarwa a lokaci guda sun fi saurin shagala, kuma ba su kai sauran iya sauyawa tsakanin ayyuka ba. Sabo bai ƙara musu gwaninta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne jiki. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, ita da abokan aikinta, sun gano a 2008 cewa wanda ake yawan katsewa yakan ƙara sauri don ya cike giɓi, aikin ma ya fito, amma da ƙarin damuwa da takaici da jin lokaci ya ƙure. Nan ne shugabanni ke ruɗuwa. Suna ganin fayil ya iso kan tebur, ba sa ganin abin da ya ci a jikin mai shi. A 2012 Gloria Mark ta sa an yanke wa wasu ma'aikata imel na kwana biyar, na'urar auna bugun zuciya kuma ta nuna damuwarsu ta ragu. Damuwar aiki da ta daɗe ba a magance ba ita ce ke kai mutum ga ƙarewar kuzari da ƙosawa da aikin baki ɗaya, matsalar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayaninta a 2019 a matsayin abin da ke tasowa daga wurin aiki.

Ga ma'aikaci, gyaran ba ya buƙatar kuɗi. Ku ware awa ɗaya ko biyu ga aikin da ya fi cin tunani, ku kashe ƙarar saƙonni, ku sa wayar a aljihun tebur. Imel da WhatsApp a ba su lokacinsu, sau biyu ko uku a yini. In dole ta sa za ku tashi daga aiki, ku rubuta layi ɗaya: ga inda na tsaya, ga abin da ke biye. Ƙananan ayyuka iri ɗaya a tara su a yi su a zama guda.

Sai dai ƙaramin ma'aikaci ba shi da bakin ce wa maigidansa ya dakata. Don haka rabin maganin na hannunku ne, shugabanni. In kun ba mutum aiki uku, ku faɗa masa wanne ne farko. Ku daina auna biyayya da saurin amsa saƙo. Ku amince da wata alama, ko rufe ƙofa ko kati a kan tebur, da ke nufin kada a katse, sannan ku fara girmama ta da kanku. Abin gaggawa na gaske a kira a waya, sauran su jira.

Wanda kuma ya ga rashin barci, faɗuwar gaba, yawan mantuwa ko ciwon kai sun wuce mako biyu suna damunsa, kada ya tsaya ga maganin ciwon kai da kofi. Ya je asibiti a auna jininsa, ya kuma faɗa wa likita yadda yinin aikinsa ke tafiya.