Ba Ihu Ke Zaftaro da Dusar Ƙanƙara Ba

An daɗe ana cewa in mutum ya kwarma ihu a kan tsauni, dusar ƙanƙara za ta zaftaro ta binne shi. Ba gaskiya ba ne. Masu bincike na cibiyar nazarin dusar ƙanƙara da zaftarewarta, SLF, da ke Davos a Suwizalan sun nuna ƙarfin muryar ɗan'adam bai kai ko kusa da abin da zai motsa ta ba.

Nauyin mutum ne ke tayar da ita. Dusar tana taruwa hawa-hawa, kuma sau da yawa akwai shimfiɗa mai rauni ɓoye a ƙarƙashi, ƙwayoyinta warwas kamar sukari. Mai wasan zamiya yana takawa sai ta karye, tsagar ta ruga cikin ƙiftawar ido, faffaɗan falle ya ɓalle da shi a kai. A kusan kashi 90 cikin 100 na haɗurran, wanda abin ya rutsa da shi ne ko wani a tawagarsa ya jawo.

Shi ya sa wannan kuskure ke damuna: yana kawar da hankali daga abin dubawa, wato gangaren. Mafi haɗari shi ne mai digiri 30 zuwa 45. A ma'aunin haɗarin zaftarewar dusa na Turai mai matakai 5 kuwa, mataki na 3 ya fi cin rayuka, don mutane suna raina shi su fita.

A tsallaka irin wannan gangare ɗaya bayan ɗaya, kowa da shebur, sandar lalube da na'urar gano wanda aka binne. Bayan minti 15 a ƙarƙashi, damar tono mutum da rai tana raguwa sosai.